Wunin Fursuna

Idan alƙali ya yanke wa mutum hukuncin ɗauri, tambaya ɗaya ce ke fitowa daga bakin kowa: shekara nawa aka ba shi? In an ce 5, wasu su ce ta yi kaɗan, wasu su ce an tsananta. Daga nan sai a rufe zancen, kowa ya kama gabansa, shi kuma mota ta tafi da shi. Ban taɓa jin wanda ya tambayi ƙarfe nawa za a buɗe masa ƙofa gobe da safe ba, ko da wa zai kwana, ko me hannunsa zai riƙa yi tsakanin hantsi da la'asar. Ni kuwa na daɗe da gamsuwa cewa amsar waɗannan ƙananan tambayoyi ita ke nuna irin mutumin da za a dawo mana da shi. Shekara 5 kwana 1,825 ce, kuma ɗaya bayan ɗaya ake cinye su.

Maganar ta shafe mu ko da ba mu da kowa a ciki. A yanzu akwai mutum fiye da miliyan 11 a tsare a gidajen yarin duniya, sama da 9 cikin kowane 10 maza ne, akasarinsu matasa masu jini a jika. 'Yan ƙalilan ne za su mutu a can. Sauran duk za su fito, su hau mota ɗaya da mu, su nemi aure, su kama haya kusa da gidan wani.

Ɗaure mutum shekara da shekaru a matsayin hukunci sabon abu ne a tarihi. A da kurkuku wurin jira ne. Ana ajiye mutum har a yi masa shari'a, ko ya biya bashin da ake bin sa, ko a zartar masa da bulala ko tara ko kora ko kisa. A farkon Musulunci ma babu wani gini na musamman. A jikin ginshiƙin masallacin Madina aka ɗaure Sumamatu ɗan Usal, sai a zamanin Sayyidina Umar aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka aka mai da shi kurkuku. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shawarar da Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, sama da shekara 1,200 da suka wuce. Ya ce a ciyar da ɗaurarru daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, kada a bar su suna fita bara da sarƙa a jikinsu, kuma a riƙa duba lamarinsu a kai a kai, mai laifi a hukunta shi a sallame shi, wanda ba a same shi da komai ba a sake shi. Duk wanda ya san halin da gidajen yari ke ciki yau zai ce ko jiya aka rubuta wannan takarda.

A Ingila, a shekarar 1773, an ba wani mutum mai suna John Howard muƙamin da ya ɗora masa kula da kurkukun gundumar Bedford. Waɗanda suka riƙe muƙamin kafin shi ba su cika leƙa wurin ba, shi kuwa ya shiga da ƙafarsa. Ya tarar gandurobobi ba su da albashi, da kuɗin da suke karɓa daga hannun fursunoni suke rayuwa. Ya ga mutanen da kotu ta wanke ana mayar da su ciki saboda ba su da kuɗin sallama. Abin ya tsaya masa a rai har ya shiga yawon gidajen yarin Birtaniya da na Turai yana auna ɗakuna, yana auna burodin da ake rabawa, yana ƙirga marasa lafiya, ya wallafa abin da ya gani a 1777. A wannan yawon ajali ya riske shi a 1790, a Kherson ta ƙasar Yukiren ta yau, da irin zazzaɓin nan da kwarkwata ke yaɗawa, wanda a lokacin ake kira zazzaɓin kurkuku.

Abin da ya fi tayar wa masu neman gyara hankali a wancan zamani shi ne cakuɗa. Yaron da ya ɗauki ɗan ƙaramin abu yana kwana kusa da wanda ya yi shekara 20 yana fashi, mai bashi kusa da mai kisan kai, mai lafiya kusa da mai tari. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma sun yi gaskiya a nan. Maganin da suka kawo ne ya wuce gona da iri. Suka ce a raba kowa da kowa, mutum ya zauna shi kaɗai da zuciyarsa har ya tuba. A Auburn ta jihar New York an gwada kulle mutum kusan 80 a 1821, kowa a ɗakinsa, ba aiki, ba magana. Ba a yi shekara 2 ba aka dakatar da gwajin, domin wasu sun mutu, wasu sun zauce. Duk da haka a 1829 aka buɗe katafaren gidan yarin Eastern State a Filadelfiya a kan wannan tunani na kaɗaici, sai dai an haɗa shi da ɗan aikin hannu a cikin ɗaki. Sabon fursuna ana rufe masa kai da ƙyalle kafin a shigar da shi, don kada ya ga kowa, kada kowa ya gan shi.

Gidan da na fi so mu dakata a kansa shi ne Pentonville, kurkukun maza da ke arewacin Landan, domin har yau yana aiki, kuma tarihinsa ya tattara kusan duk abin da nake son faɗa. An buɗe shi a 1842. Wani injiniyan soja, Joshua Jebb, shi ya tsara shi don mutum 520, kowa da ɗakinsa. An yi ginin kamar yatsun hannu: dogayen sassa sun miƙa daga tsakiya guda, ta yadda gandiroba ɗaya zai tsaya a cibiya ya hangi ƙarshen kowace baranda. Tsawon ɗaki kimanin mita 4 ne, faɗinsa mita 2, da 'yar taga can sama. Kowane ɗaki yana da ruwa da makewayi da hanyar ɗumama shi, a zamanin da akasarin talakawan Landan ba su da ko ɗaya daga ciki a gidajensu. Waɗanda suka gina shi ba mugunta suka nufa ba. Sun ɗauka sun gano maganin laifi.

Ga yadda wuni yake a wancan lokaci. Ba a kiran mutum da sunansa, da lambar ɗakinsa ake kiran sa. A ɗaki yake ci, a ɗaki yake saƙa ko ɗinki ko gyaran takalmi. In za a fito da shi shan iska sai ya sa wata hula mai baki da ke rufe fuska, da 'yan ramuka biyu na ido. A ɗakin ibada an yi wa kowa ɗan akurkinsa na katako, yana ganin mai wa'azi amma ba ya ganin na kusa da shi. Gandurobobi suna sa takalma masu taushi don kada a ji ko takunsu. Haka mutum zai yi wata 18, sannan a ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ostiraliya. Ba a daɗe ba likitoci suka fara ganin sakamako: masu jin muryoyi, masu kuka ba dalili, masu yunƙurin kashe kansu. Aka rage wa'adin zuwa wata 12, daga baya zuwa wata 9. Amma tsarin ginin ya riga ya karɓu. Cikin shekara 6 an gina gidajen yari 54 a kan irinsa, kuma mulkin mallaka ya ɗauke shi ya kai ƙasashe masu nisa.

Da aka ga kaɗaici bai kawo tuba ba, sai aka karkata ga gwale-gwale. Akwai wata babbar ƙafar niƙa mai matattakala, wadda William Cubitt ya ƙera a 1818, fursunoni su jera suna tattaka ta awa da awanni kamar masu hawan benen da ba ya ƙarewa. A wasu wurare tana niƙa hatsi ko jan ruwa, a wurare da yawa iska kawai take juyawa. Akwai kuma wani hannun ƙarfe da ake kafawa a ɗaki, mutum ya juya shi sau dubbai a wuni kafin ya cancanci abincinsa, ba tare da juyin ya samar da komai ba. A 1895 wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin Herbert Gladstone ya duba lamarin ya ga mutane na fitowa sun fi yadda suka shiga lalacewa, kuma dokar 1898 ta buɗe hanyar kawar da waɗannan na'urori.

Ina ƙin abin da mutanen wancan zamani suka yi, amma akwai abu ɗaya da ba zan hana su ba. Sun ɗauki kowace awa ta fursuna da muhimmanci. Sun yi gardama a kanta a majalisa, sun rubuta ta a jadawali, sun yi imani cewa abin da mutum ke yi daga asuba zuwa dare shi ke sauya shi. Sun yi kuskure wajen abin da suka cika awannin da shi. Mu kuwa mun gaji gine-ginensu, muka bar awannin fayau.

Yau Pentonville na ɗauke da maza fiye da 1,000, kimanin ninki biyu na adadin da aka gina shi dominsa. Ɗakin da aka auna wa mutum ɗaya mutum biyu ke kwana a ciki, gado a kan gado, makewayi a gefe, wani lokaci ɗan labule ne kawai tsakaninsa da inda ake cin abinci. Shekara da shekaru masu binciken gidajen yari na ƙasar suna rubuta abu ɗaya a kansa: cunkoso, kyankyasai da ɓeraye, ƙarancin ma'aikata, da maza masu yawa da ke shafe awa 22 ko fiye a kulle. Wannan a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a duniya ke nan.

A kan takarda, wunin gidan yarin maza kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Da ƙidaya ake farawa. Kafin a buɗe ko ƙofa ɗaya sai an leƙa kowane ɗaki an ƙirga kawuna, an haɗa lissafin kowane sashe da na babban ofis. In lissafi bai cika ba, komai ya tsaya cik har sai an gano inda mutum ɗaya ya shiga. Bayan nan a buɗe, masu shan magani su yi layi, masu aiki a raka su ɗakin girki ko wanki ko wurin koyon sana'a, masu karatu su tafi aji, masu zuwa kotu tun da duhu an fitar da su. Da tsakar rana a sake kullewa a sake ƙirgawa. Da yamma a ɗan buɗe don wanka, kiran waya, shan iska a fili. Abincin dare da wuri ake raba shi, sau da yawa rana ba ta faɗi ba, saboda a samu a kulle kowa kafin ma'aikatan rana su tashi. Daga nan sai dogon dare, gandiroba yana zagayawa yana leƙe ta 'yar kafar ƙofa.

Wannan jadawali kamar zaren gizo-gizo yake, abu kaɗan ke tsinka shi. Kowane motsi na fursuna yana bukatar ma'aikaci mai mabuɗi. In mutum ɗaya ya kwanta asibitin waje, sai an cire gandurobobi su zauna gadinsa dare da rana. In biyu ba su zo aiki ba, wani sashe ba zai buɗe ba. Abin da ake fara sokewa shi ne aji, sai wurin sana'a, sai ɗakin karatu, sai shan iska. Ƙidaya da rabon abinci kaɗai ba a taɓawa. Malami zai zo ya zauna a aji babu ɗalibi, ɗaliban suna can mita kaɗan da shi a bayan ƙarfe suna kallon rufi. Ba wanda ya yanke shawarar a yi haka. Kullum ne ake cewa yau dai a yi haƙuri, har yau ɗin ta zama shekara.

A ƙasashen da talauci ya fi yawa hoton ya ɗan bambanta, amma ciwon ɗaya ne. A can babban ɗaki ne da aka yi don mutum 20 a zuba masa ninkin haka, a ja ƙofa tun yamma, bokiti ɗaya a kusurwa. Ana kwana bi da bi, ko a kwanta a gefe ɗaya kowa ya juya lokaci guda. Tarin fuka da ƙaiƙayi suna yawo yadda suka ga dama, kuma tarin ba ya tsayawa a bango: yana bin gandiroba zuwa gidansa, yana bin wanda aka sallama zuwa ɗakin matarsa. Tunda ma'aikata ba sa shiga bayan an kulle, fursunoni ke mulkin kansu. Akwai shugaban ɗaki, akwai masu yi masa hidima, akwai wurin kwana mai kyau kusa da taga da ake saye, akwai na kusa da bokiti da ake bai wa baƙon da ba shi da kowa.

Wurin da hukuma ta bari a sake, wani ne zai cike shi. Namiji mai shekara 22, da ƙarfinsa da fushinsa, ba zai zauna awa 22 yana kallon bango hankalinsa ya tsaya wuri ɗaya ba. Zai nemi abin da zai gusar masa da lokaci, kuma mai sayar da ƙwaya na nan kusa. Ƙwaya na kawo bashi, bashi na kawo duka, tsoron duka na tura shi ƙarƙashin wani gungu da zai kare shi, gungun kuma ba ya mantawa da shi ranar da ya fita. Ta haka wanda ya shiga da laifi ɗaya yake fitowa da iyayen gida da lambobin waya da sana'ar da bai sani ba a da.

Ina jin tausayin gandiroba fiye da yadda mutane suka saba. Shi ma rabin rayuwarsa a bayan wannan bango take ƙarewa. Iskar da fursuna ke shaƙa ita yake shaƙa, kuma shi ne mai kwance igiya daga wuyan wanda ya rataye kansa da tsakar dare. Tsofaffin ma'aikata sun san cewa abin da ke riƙe gidan yari lafiya sanin mutane ne: ka san wanda mahaifiyarsa ta rasu jiya, ka lura da wanda ya daina cin abinci, ka ji ƙishin-ƙishin rigima kafin ta tashi. Mutum ɗaya da aka bar wa maza 60 ko 100 ba zai iya wannan ba. Buɗewa da kullewa kawai zai iya.

Sai kuma waɗanda ba a ma yanke musu komai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ke tsare a duniya masu jiran shari'a ne, a wasu ƙasashen kuwa sun fi rabi nesa ba kusa ba. A idon doka ba su da laifi, amma su suka fi shan wuyar zaman, domin galibi ba a sa su a aji ko sana'a, tunda wai gobe ko jibi za su tafi. Shi wanda aka yanke wa hukunci yana da ranar da yake ƙirgawa. Mai zaman wakafi ba shi da ita. A 2010 an kama wani yaro ɗan shekara 16 a New York, Kalief Browder, bisa zargin satar jakar goyo. Iyalinsa ba su iya biyan belin dala 3,000 ba. Ya yi shekara 3 a kurkukun tsibirin Rikers ba tare da an yi masa shari'a ba, kusan 2 daga ciki a ɗakin kaɗaici. A 2013 aka janye ƙarar aka sake shi. A 2015 ya kashe kansa yana ɗan shekara 22. Abin da John Howard ya gani a Bedford, mutum a kulle saboda ba shi da kuɗi, shi ne dai wannan bayan shekara fiye da 200.

In ka bi manyan tarzomar gidajen yari za ka tarar ruwa ba ya tsami banza. A Attica ta Amurka, inda mutum 43 suka mutu a Satumbar 1971, daga cikin koke-koken fursunoni akwai wanka sau ɗaya a mako da takardar bayan gida ƙunshi ɗaya a wata. A Strangeways ta Manchesta, gidan da aka tanada don mutum 970 yana ɗauke da fiye da 1,600 lokacin da bore ya ɓarke a Afrilun 1990, aka yi kwana 25 ana fama. Alƙali Woolf da ya binciki lamarin ya nuna cewa tsaro kaɗai ba ya riƙe gidan yari, sai fursunoni sun ji ana yi musu adalci a harkokin yau da kullum. A Carandiru ta Sao Paulo kuwa, a 1992, 'yan sanda suka shiga kwantar da rigima suka bar gawa 111.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba na raina shi. Zai ce: wanda aka kashe wa ɗa fa? Wadda aka yi wa fyaɗe fa? Wanda aka shiga gidansa da makami cikin dare, har yau ba ya iya barci? Su wa ya damu da wuninsu? Wannan tambaya ce mai nauyi. Akwai mutanen da dole a raba su da jama'a, wasu na tsawon rai, kuma ba na cikin masu cewa a rushe gidajen yari. Amma a duba abin da alƙali ya yanke. Ya yanke a ɗauke wa mutum 'yancinsa: ba zai kwana a gidansa ba, ba zai ga haihuwar ɗansa ba, ba zai raka mahaifinsa kabari ba. Duk wanda ya ce wannan bai kai hukunci ba, bai taɓa rasa shi ba ne. Babu alƙalin da ya rubuta a ƙara masa da tarin fuka, ko a bar wani ya yi lalata da shi, ko a zaunar da shi har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Alexander Paterson, wanda ya daɗe cikin shugabannin hukumar gidajen yarin Ingila, ya faɗi haka tun ƙarnin da ya wuce: zuwan mutum gidan yari shi ne hukuncin, ba a kai shi don a ci gaba da hukunta shi a can ba. Bayan haka kuma, akwai wanda za a cuta nan gaba, wanda ba mu san sunansa ba tukuna. Shi ma yana da haƙƙi a kanmu, kuma haƙƙinsa ya rataya ne ga halin da wannan mutumin zai fito da shi.

Abin da ke taimakawa ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta tattara nazarce-nazarce a 2013 ta gano cewa yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka yi karatu a ciki. Bincike a wurare daban-daban ya nuna wanda iyalinsa ke ziyarta ya fi tsayawa a waje bayan ya fita. Wannan ne ya sa raina ke ɓaci da yadda ake wulaƙanta masu ziyara. Uwa ta yi doguwar tafiya, ta tsaya a layi, a caje ta, a ƙarshe a ce yau babu ma'aikata, ta koma. In an yi mata haka sau uku, ƙafarta za ta yi sanyi, kuma igiyar da ta fi kowace ƙarfi wajen janyo ɗanta zuwa hanya ce aka tsinke.

Duk mai irin wannan magana sai ya ambaci Norwe, ni ma zan ambace ta a taƙaice. A gidan yarin Halden da aka buɗe a 2010, wanda ke ɗaukar maza kimanin 250 masu manyan laifuka, mutum yana wuni a waje da ɗakinsa, yana aiki ko karatu, yana girki da 'yan sashensa. Gandurobobi suna yin horon shekara 2, kuma malamai da likitoci daga gari suke zuwa, irin waɗanda ke kula da kowa. Za a ce ai Norwe na da kuɗi da ƙarancin jama'a, kuma gaskiya ne. Shi ya sa misalan da suka fi burge ni daga wasu wurare suke. A Burazil, ƙasar da gidajen yarinta suka yi ƙaurin suna, akwai tsarin da fursuna zai karanta littafi ya rubuta bayani a kansa a rage masa kwana 4, har littafi 12 a shekara. A Sanganer, kusa da Jaipur ta Indiya, akwai buɗaɗɗen gidan yari inda waɗanda suka yi wani kaso na wa'adinsu da hali mai kyau, har da masu laifin kisa, suke zaune da iyalansu, su fita neman abinci da safe, su dawo kafin kiran suna na yamma. Su ke ciyar da kansu, don haka ɗawainiyarsu a kan gwamnati ba ta kai ta rufaffen kurkuku ba ko kusa.

Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 na ɗaurinsa a tsibirin Robben, yana fasa farar ƙasa a rana, da farko wasiƙa ɗaya da ziyara ɗaya kawai ake ba shi a wata 6. Abin da shi da abokansa suka fi dagewa a kai shi ne izinin karatu, kuma wanda ya iya ya riƙa koyar da wanda bai iya ba har a bakin ramin aiki. Sunansa Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙa'idoji 122 na kula da fursunoni da ta amince da su a Disambar 2015. A cikinsu an ce a raba masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci, a ba kowa aƙalla awa ɗaya a fili kullum, a kula da lafiyarsa daidai da na waje. An kuma fayyace kaɗaici da cewa shi ne kulle mutum awa 22 ko fiye a wuni ba tare da wata hulɗa mai ma'ana da mutane ba, aka haramta ya wuce kwana 15 a jere. To, mutum biyu da aka kulle awa 22 a ɗakin mutum ɗaya, wata da watanni, ba su shiga wannan ma'anar ba, tunda ga wani a kusa. A takarda ba a karya doka ba. Ni dai ban ga abin da ya raba zamansu da abin da aka haramta ba, sai ƙarin wari da rashin sirri.

Shi ya sa nake ganin mun daɗe muna auna gidajen yari da ma'aunin da bai dace ba. Shugaban gidan yari yana rasa kujerarsa in mutum ɗaya ya tsallake katanga, amma ba wanda zai tambaye shi in maza 1,000 sun shekara a kwance. Muddin haka ne, kullewa ce za ta ci gaba da zama mafita mafi sauƙi a duk ranar da aka samu matsala, kuma ba zan zarge shi shi kaɗai ba. Abin da nake so a wajabta ba ya cin kuɗi mai yawa. A kafa allo a bakin ƙofar kowane gidan yari, inda masu ziyara ke tsayawa, a riƙa sabunta shi duk wata, a kuma aika kwafinsa ga majalisa da babban alƙalin yankin. A rubuta mutum nawa aka gina gidan dominsu da mutum nawa suka kwana a ciki jiya. A rubuta awa nawa ƙofar ɗaki ta kasance a buɗe a wuni, da mutum nawa suka je aji ko wurin aiki, da kwana nawa aka soke ziyara. A ƙasan allon kuma a rubuta kwanakin da mai jiran shari'a mafi daɗewa ya yi a ciki, da sunan kotun da fayil ɗinsa yake.